Awon Lafiyar Na'ura: Waiwaye Kan Tattara Bayanan Aikin Kwamfuta

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da babbar manhaja da ke riƙe da ragamarta, ko Windows, ko Linux, ko macOS, ko Android. Ita ke raba lokacin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tsakanin ayyukan da ke jira. Ita ke yanka wa kowace ƙaramar manhaja rabonta a ma'ajiyar wucin gadi da ake kira ram. Ita ke kai saƙo faifan ajiya ta ɗauko amsa, ita ce kuma mai gadin ƙofar da bayanai ke fita intanet su shigo. Tana wannan hidima tana lissafi: sakan nawa furosesa ya yi yana aiki, nawa ya yi a zaune, bayanai nawa aka karanta daga faifai, nawa aka tura waje, sau nawa aka yi kuskure. Tattara bayanan aiki shi ne ɗebo wannan lissafi da wata manhaja, a jera shi, a adana shi, domin a san ainihin abin da ke damun na'ura idan ta yi nauyi, a kuma hango matsala tun tana nesa.

Fannin ya haura shekara hamsin, ya kuma sauya kama sau da dama. Waiwayensa yana da amfani ga garuruwa irin Birnin Kebbi da Argungu, inda na'urori suka shiga harkar jarabawa da ciniki da asibiti da zaɓe cikin shekara ashirin da 'yan kai, alhali al'adar auna su tana can baya tana tafiyar hawainiya.

Yadda ake ƙidayar

Alƙaluman da babbar manhaja ke riƙewa iri biyu ne. Na farko kamar mitar wutar lantarki suke: kullum gaba suke yi tun daga lokacin da aka kunna na'ura. Lambar da ke jikin mita ba ta faɗin wutar da gida ya sha a wata, sai an karanta ta sau biyu an cire ta farko daga ta biyu. Haka ake fitar da kason aikin furosesa. Linux yana ƙidaya lokaci da ɗigo ɗari a kowane sakan, yana rarraba ɗigon gida gida: wanda aka kashe kan manhajojin mai amfani, wanda aka kashe kan hidimar babbar manhajar kanta, wanda aka yi ana jiran faifai, da wanda aka yi a zaune. Idan aka karanta lissafin furosesa guda, aka sake karantawa bayan sakan 10, ɗigo 1,000 ne suka wuce. In an samu 250 daga ciki a gidan zama, to furosesa ya yi aiki kashi 75 cikin ɗari. Duk wata lambar kaso da ke rawa a fuskar kwamfuta daga irin wannan ragi ta fito.

Iri na biyu kamar ma'aunin mai ne a tankin mota. Yana hawa yana sauka, kuma karatu ɗaya ya isa ya faɗi halin da ake ciki: ram nawa ya rage, ayyuka nawa ke kan layi, zafin furosesa digiri nawa ne, cajin batir ya kai ina.

Akwai kuma hanyar ɗiban samfur. Mai sayen shinkafa shanshera ba ya zazzage buhu don ya ga kowace ƙwara. Yakan soka ƙarfe a wurare daban daban, ya duba abin da ya fito, ya yanke hukunci a kan buhun. Manhajojin bincike ma sukan leƙa furosesa sau da yawa a sakan guda su rubuta wane aiki suka tarar. Bayan dubban leƙe, aikin da aka fi tararwa shi ne ke cinye lokaci.

Zamanin manyan na'urori

A shekarun 1960 kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, kuma tsadarta ta sa ma'aikata ko jami'a guda ke iya mallakar ɗaya tak. Mutane da yawa ke rabon ta, don haka dalilin farko na ƙidaya kuɗi ne: a san wane sashe ya ci lokaci nawa, a caje shi. Manyan kwamfutocin IBM suna da tsarin SMF da ke rubuta irin wannan bayani, kuma har yau ana aiki da shi.

Daga nan aka fara tambayar nauyin da ke kan na'ura. A farkon shekarun 1970 tsarin TENEX ya fito da awon matsakaicin lodi, wanda Unix ya gada, Linux ma ya gada. Lambobi uku ne da ke nuna matsakaicin yawan ayyukan da ke gudana ko suke jiran layi a minti 1, minti 5 da minti 15. Misalinsa wurin casar shinkafa ne mai injina huɗu. In mutum huɗu ne a wurin, kowa na kan inji, babu mai jira. In goma sha biyu ne, takwas na tsaye da buhunansu. Lambar minti ɗaya ta ɗara ta minti goma sha biyar, layi na ƙaruwa ke nan. In ta gaza ta, cunkoso ya fara sauƙi.

Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1969, shi ne gidan da yawancin kayan awon suka tashi. Da fari manhajar awo takan kutsa kai tsaye cikin ma'ajiyar zuciyar babbar manhaja, wadda masana ke kira kanel, ta wata ƙofa mai suna /dev/kmem, ta lalubo lambobin da take so. Hanyar na da haɗari biyu. Tana buƙatar izini mai girma, sannan ko ɗan sauyi aka yi wa kanel sai manhajar awon ta karanto shirme. Duk da haka a wannan zamani ne aka samu vmstat da iostat daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da sar daga reshen Unix na kamfanin AT&T. A 1984 William LeFebvre ya rubuta top, wadda ke jera ayyuka daga mafi cin furosesa zuwa ƙasa tana sabunta jerin kowane 'yan sakan.

A wannan shekarar ta 1984 Tom Killian ya gabatar da dabarar /proc, inda kowane aiki mai gudana ke bayyana kamar fayil. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, ya ɗauki dabarar ya faɗaɗa ta. Lissafin furosesa yana /proc/stat, na ram yana /proc/meminfo, na faifai yana /proc/diskstats, na sadarwa yana /proc/net/dev. Ba fayilolin gaske ba ne a kan faifai. Kanel ne ke rubuta amsar a daidai lokacin da aka buɗe su. Wannan shi ne sauyi mafi girma a tarihin fannin, domin ya mayar da abin da sai gwani ke iya leƙawa rubutu a fili, wanda ɗalibin da ya koyi buɗe fayil a darasinsa na farko zai iya karantawa.

Kwamfutar tebur da isowarta Kebbi

An ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, shekarar da aka haifi Linux. Amma kwamfutar da ta fara shiga ofisoshi da shagunan buga takardu a Birnin Kebbi, kamar sauran biranen arewa, mai Windows ce. Kamfanin Microsoft ya bi tasa hanyar. Windows NT na 1993 ya zo da Performance Monitor, mai ɗaruruwan mitoci da aka kasa gida gida: na furosesa, na ram, na faifai, na kowane aiki. A 1996 aka ƙara Task Manager, wanda David Plummer ya rubuta. Daga baya aka samu hanyoyin da mai rubuta manhaja zai nemi waɗannan lambobi da kansa, irin su PDH da WMI.

Bayan zuwan wayar salula a 2001 da yaɗuwar shagunan intanet masu tauraron ɗan'adam, matasa da yawa sun haddace danna maɓallan Ctrl da Alt da Del tare. Sai dai abin da aka fi sani game da tagar da ke buɗewa shi ne kashe manhajar da ta sanƙare. Shafin da ke nuna zanen aikin furosesa da na ram yana nan gefe, ba a cika duba shi ba. Kwamfuta in ta yi nauyi, bayanin da aka saba ji ɗaya ne daga uku: bairos ne, netwok ne, ko kuwa ta tsufa. Magani kuma guda ne, a goge komai a sake ɗora Windows. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa a yi asarar takardun shekaru, bayan mako biyu nauyin ya dawo, saboda ciwon yana ga faifan da ke mutuwa ko fankar da ƙura ta toshe. Tun tsakiyar shekarun 1990 faifan ajiya ke ɗauke da tsarin SMART, wanda ke ƙidaya wuraren da suka lalace a jikinsa da awannin da ya yi yana aiki. Amsar tana cikin na'urar, tambayar ce ba a yi mata ba.

Daga kallo zuwa ajiya

Su top da Task Manager halin yanzu kawai suke nunawa. Wanda ya tsaya bakin gulbin Rima ya ga ruwa ya san inda yake a ranar. Amma sanin ko ruwan bana ya wuce ƙa'ida sai wanda ya riƙe inda ya kai bara da bara waccan, shi ya sa masu kula da madatsar Goronyo da ta Bakolori ke rubuta tsayin ruwa a kai a kai. Na'ura ma haka take. Kashi 60 na aikin furosesa ba ya nufin komai sai an san abin da ta saba yi a irin wannan lokaci.

Manhajar sar tana cikin waɗanda suka cike wannan giɓi, domin takan ɗauki karatu ta ajiye. A Linux, ƙunshin sysstat na Sebastien Godard yakan yi haka duk minti 10, ta yadda mai kula zai iya komawa ya ga abin da ya faru ƙarfe uku na daren jiya. Da na'urori suka yawaita aka buƙaci tambayarsu daga nesa. A 1988 aka fitar da ƙa'idar SNMP, wadda ke ba kwamfuta ɗaya damar zagaya sauran na'urori tana karɓar lambobinsu. A 1995 Tobias Oetiker na ƙasar Suwizalan ya fitar da MRTG, mai karatu duk minti 5 ta zana hawa da saukar bayanai, sannan a 1999 ya fitar da RRDtool. Dabarar RRDtool ita ce fayil ɗin ajiya ba ya ƙara girma: bayanan jiya a riƙe su dalla dalla, na watan jiya a dunƙule su, na bara a ƙara dunƙulewa.

Wannan zamani ya koya wa masana wani darasi game da mitoci. Mitar da ke da gurbi 32 tana cika idan ta kai 4,294,967,295, sai ta koma sifili. A layin da ke ɗaukar megabit 10 a sakan, sai an yi kusan awa guda kafin ta cika. A layin megabit 100 kuwa ba ta kai minti 6. Mai karatu duk minti 5 yana gab da ruɗewa ke nan, kuma in layin ya fi haka gudu lissafinsa ya lalace. Dole ta sa aka koma mitoci masu gurbi 64. Har yau duk manhajar tattara bayanai tilas ta san abin yi idan karatun biyu ya gaza na farko, ko don mita ta cika, ko don na'ura ta mutu ta tashi. A inda wuta ke yawan ɗaukewa, dalili na biyun abin kullum ne.

Daga nan kayan aiki suka yi ta fitowa. Nagios, wanda ya fara da sunan NetSaint a 1999, ya shahara wajen tura gargaɗi. Zabbix ya fito a 2001, collectd a 2005. A 2012 kamfanin SoundCloud ya fara Prometheus, a 2014 kuma aka samu Grafana mai zana allunan kallo. A tsarin Prometheus ana ɗora ƙaramar manhaja mai suna node_exporter a kan kowace na'ura, ta karanta /proc da /sys, babbar kwamfuta kuma ta riƙa zuwa duk sakan 15 ko duk minti tana karɓa. A 2019 aka kafa OpenTelemetry domin a daidaita yadda manhajoji ke miƙa irin waɗannan bayanai. Dukkansu kyauta ne, kowa na iya saukewa ya duba yadda aka rubuta su.

Leƙa cikin zuciyar manhaja

Mitoci suna faɗin cewa faifai ya yi nauyi, amma ba kullum suke faɗin wane aiki ya jawo ba, ko wane fayil. Wannan ya haifar da bin sawu. A 2005 kamfanin Sun ya saka DTrace cikin babbar manhajarsa Solaris 10, wadda ke ba mai bincike damar dasa kunne a kowane lungu na kanel yayin da na'ura ke tsakiyar aiki, ya cire in ya gama. Linux ya samu perf a 2009, sannan eBPF daga 2014. A eBPF ana tura ɗan ƙaramin shiri cikin kanel, a tantance shi tukuna don kada ya kayar da na'ura, shi kuma ya yi ƙidayar a can ciki ya miƙo taƙaitaccen sakamako. Windows yana da nasa mai suna ETW tun Windows 2000. Fasahar ta iso aljihun talaka ba tare da ya sani ba, domin tun Android 9 na 2018 wayoyi da yawa da eBPF suke lissafa datar da kowace manhaja ta sha.

Waya a aljihu

Kwamfutar da ta fi yawa a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ko a kasuwar Argungu, ita ce wayar Android, galibi Tecno ko Infinix ko itel. Kanel ɗin Linux ne a cikinta, da /proc ɗinsa da komai. Shafin da ke nuna manhajar da ta fi shan batir, da wanda ke nuna inda data ta tafi, jikokin sar da top ne.

A nan tarihin ya ɗan juya baya. An gano cewa manhajar da ke iya ganin lissafin sauran manhajoji tana iya hasashen abin da mai waya ke yi. Saboda haka Android 7 na 2016 ya ɓoye wa kowace manhaja ayyukan 'yan uwanta, Android 8 na 2017 ya rufe /proc/stat ga manhajoji na gama gari, Android 14 na 2023 kuma ya hana manhaja kashe ayyukan wata. Wannan ya nuna matsayin manhajojin da ke alkawarin share waya da ƙara mata gudu. Yawancin abin da suke iƙirari babbar manhaja ba ta ba su ikonsa, ita ce ma ke rufe ayyukan baya da kanta idan ram ya yi ƙaranci. Abin da suke ƙarawa shi ne talla da shan batir.

Wani sauyin shi ne inda bayanan ke zuwa. A da lissafin na'ura yana zama cikin na'ura. Yanzu Windows 10, tun fitowarsa a 2015, yana aika bayanan lafiyarsa zuwa kamfanin da ya ƙera shi, Android ma yana tattara rahoton manhajojin da suka faɗi ko suka sanƙare domin masu rubuta su su gyara. Akwai alheri a ciki, don ta haka ake gano cewa wata manhaja na wahalar da ƙananan wayoyi. Akwai kuma haƙƙi. Jerin manhajojin da mutum ke buɗewa da lokutan da yake buɗe su labarin rayuwarsa ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan da suka shafi mutum nauyin ya kasance da dalili na halal, ya tsaya ga abin da yake buƙata, ya kuma tsare shi. Mai rubuta manhaja a Kebbi yana ƙarƙashin wannan doka kamar na Legas.

Abin da kwarin Rima ke buƙatar aunawa

Yawancin kayan awon an ƙera su ne don ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. A Kebbi zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙurar hunturu tana cika fanka, wuta kuma tana yawo tsakanin ta gwamnati da janareta da hasken rana. Furosesa in ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai kallon kason aiki kaɗai zai ga kashi ɗari ya ce manhaja ce ta yi nauyi, alhali furosesan ne ya koma rabin ƙarfinsa. Saboda haka a wannan yanki zafi da gudun furosesa, da lafiyar batir, da yawan mutuwar na'ura ba shiri, suna sahun gaba a abin da ya kamata a rubuta. Tsadar data da yankewar sabis su ma suna da hukunci: ya fi dacewa na'ura ta tara karatunta a cikinta, ta dunƙule, ta tura idan hanya ta buɗe.

Abin da ya rataya a kan waɗannan na'urori ya yi nauyi yanzu. Hukumar JAMB ta fara jarabawa da kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Cibiyar jarabawa ɗaki ne mai kwamfutoci ɗaruruwa da ke rataye a kan babbar kwamfuta guda da ake kira saba. In ram ɗinta ya cika ko faifanta ya gaza da tsakar jarabawa, yaran da suka yi sammako daga Kalgo ko Augie ko Gwandu su ne za su ɗanɗana. A watan Mayu 2025 shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana cewa wata tangarɗa ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har aka sake musu jarabawa. Kebbi ba ta cikin wuraren, amma darasin na kowa ne. Saba tana iya kasancewa a kunne, furosesa lafiya lau, aikin da aka ajiye ta dominsa kuwa bai kammala ba. Awon na'ura sai an haɗa shi da awon aikin: amsoshi nawa aka tura, nawa suka isa.

Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya nuna wani ɓangaren. Jama'a sun koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS a lokaci guda, hanyoyin bankuna suka cushe, kuɗi ya fita bai isa ba. Mai POS a bakin titi abin da zai iya cewa shi ne babu netwok. A can ciki kuwa layi ne ya yi tsawo a kan na'urorin da aka tanada don lodi kaɗan, irin layin wurin casar nan. A zaɓen shekarar ma na'urar BVAS ce ta tantance masu jefa ƙuri'a, kuma cajin batirinta da ƙarfin sadarwarta sun zama maganar da ta shafi ƙasa baki ɗaya.

Kurakuran karatun alƙaluma

Samun lamba daban, fahimtarta daban. Kuskure na farko game da ram ne. Linux ba ya barin ram a banza, yakan cika shi da kwafin fayilolin da aka karanta kwanan nan, ya saki da zarar an buƙata. Wanda ya ga saura kaɗan sai ya firgita, alhali babu matsala. Don kawar da ruɗanin aka ƙara layin MemAvailable a 2014, wanda ke ƙiyasta abin da za a iya samu da gaske.

Na biyu game da matsakaicin lodi ne. Tun 1993 Linux yake haɗa ayyukan da ke jiran faifai cikin lissafin, don haka lambar na iya tashi sama furosesa yana zaune. Wanda bai san haka ba zai sayi sabon furosesa alhali faifai ne ke ciwo. A 2018 aka ƙara wa Linux awon matsi mai suna PSI, wanda injiniyoyin Facebook suka rubuta, yana faɗin kason lokacin da ayyuka suka tsaya jiran furosesa, ko ram, ko faifai, kowanne daban.

Na uku shi ne yaudarar matsakaici. Na'urar da ta cushe na sakan 30 sannan ta huta minti huɗu da rabi za ta nuna kashi 10 kacal a awon minti 5, amma wanda ya danna maɓalli cikin wannan sakan 30 ya ga sanƙarewa da idonsa. Na huɗu kuma, awon kansa aiki ne. Manhajar da ke karanta komai sau goma a sakan za ta zama ita ce lodin, musamman a tsohuwar kwamfuta.

Injiniya Brendan Gregg ya taƙaita hanyar kauce wa waɗannan a tambayoyi uku da za a yi wa kowane sashe na na'ura: kashi nawa na lokaci yake aiki, akwai masu jiran sa a layi, kuma yana yin kuskure? Wanda ya bi furosesa da ram da faifai da sadarwa da waɗannan tambayoyi, da wuya ciwon ya ɓuya masa.

Abin da ya sauya da abin da ya rage

Cikin shekara hamsin an tashi daga lissafin cajin kuɗi zuwa neman ciwo, daga kutse cikin kanel zuwa fayil a buɗe, daga kallon lokaci guda zuwa tarihin shekaru, daga na'ura ɗaya zuwa dubbai a allo guda. Kayan da a da sai babban kamfani ke da su yanzu kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta guda ta isa ta riƙe lissafin dukan na'urorin makaranta ko asibiti. Tushen kuwa yana nan yadda yake: a karanta mita sau biyu, a cire, a raba da lokaci, a rubuta, a kwatanta da jiya.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gogaggen mai gyara yakan gane abubuwa da yawa daga ƙarar fanka da ɗumin jikin na'ura. Sai dai ko a bikin kamun kifi na Argungu, da ake yi tun 1934, ba a ba da kyauta da ƙiyasin ido. Sai an ɗora kifi a sikeli a gaban jama'a. Na'urar da makomar ɗalibi ko kuɗin ɗan kasuwa ko bayanan majinyaci suka rataya a kanta ta cancanci sikeli ita ma.

Jihar tana da wuraren da za su iya dasa wannan al'ada: Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Ɗalibin da aka sa ya rubuta ɗan shiri mai karanta /proc/stat ya fitar da kaso da hannunsa, ya bar shi yana gudana mako guda a cikin bazara ya zana sakamakon, ya koyi abin da haddar ma'anar babbar manhaja ba za ta ba shi ba. Masu cibiyoyin jarabawa da masu kula da kwamfutocin ofis da na asibiti su fara ajiye lissafin na'urorinsu tun suna lafiya, domin da shi za a gane ranar da suka fara ciwo. Masu gyara kuma, kafin su goge kwamfutar kowa, su buɗe lissafinta su karanta tukuna.